Bangon Bakin Maƙabarta

Daga gida, bayan girbi

Zuwa ga Tilon Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ta fara yi min gardama in zan hau tsani. Gwaggon Tsallake tana nan da ƙarfinta, sai dai kunnen ya ƙara nauyi. Yanzu in mutum yana gaishe ta, mu da muke wannan gaɓar ne muke amsawa. Ta ce in tambaye ki ko birnin ne ya cinye miki ƙafafu.

Na san za ki yi mamakin ganin takardata, don rabona da ke tun rasuwar mahaifiyarki. Ni da ita 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma duk da kowa ya kama gabansa, ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai ƙanena. Maganarta ce ta sa na ɗauki biro.

Kogi ya ci gaɓar maƙabarta a daminar nan, ci ba na wasa ba. Tsamiyar da kika sani a bakin ruwa ta tafi har da saiwarta, layin farko na kaburbura ya bi bayanta. Na je da kaina na duba. Tsakanin kabarin Yaya da bakin ramin, da ƙyar a shimfiɗa tabarma a zauna. Damina ɗaya irin wadda ta wuce ta ishe shi. Maganar a tone su a mayar tudu kuwa, dattawa sun ce kada wanda ya sake tayar da ita, ni ma ban ga hannun da zai iya ba.

Mun zauna mun yanke shawarar gina bango. Duwatsu muna da su, siminti kowa ya kawo abin da ya samu, magini kuma ga ni. Ranar da muka fara jan igiyar awon gini sai ga wani ma'aikaci a kan babur, ya ce ba a sa ko cebur a cikin kogi sai da takardar izini daga ofishin kula da ruwa da muhalli. Na ce masa a kogin nan na koyi iyo tun ubansa bai fara tafiya ba. Ya ce ya yarda, amma doka ce.

Na wanke ƙafa na tafi ƙaramin ofishinsu, na cika duk abin da suka ce in cika. Da akawun ya ce babban ofishi za a tura, sai na ji sanyi a raina. Na ce masa ai kuwa an zo gida, 'yarmu ce a can, kabarin ma na uwarta ne. Na sa shi ya rubuta sunanki a saman takardar da manyan baƙaƙe, don kada ta ɓata hanya. Ya dube ni ya ce, "Baba, ka tabbata?" Na ce ya rubuta kawai.

To ga ta nan tafe gare ki. Ki buga mata hatimi ki ba Direba, mai motar garinmu, ya dawo min da ita ranar da zai juyo. Rani gajere ne a wajen mai gini, kuma simintin da muka tara yana ɗakina yana jira.

Kawunki,
Magini

*

Daga birni

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na sami takardarka, na ji daɗi da kuna lafiya. Allah ya sauwaƙe gwiwar, kuma ka rage hawan tsani, akwai masu ƙuruciya. Mu ma lafiya, ƙaramar ce ta yi zazzaɓi amma ta warware. Ka gaishe min da Gwaggo da ƙarfi yadda za ta ji. Ka ce mata ƙafafuna suna nan, tebur ne ya danne su. Ban manta shekarun da na yi a ɗakinta ina zuwa makarantar tsallake ba, da yadda take tashina da dukan ƙofa.

Labarin maƙabarta ya hana ni cin abinci ranar. Ban san abin ya kai haka ba.

Kawu, zan gaya maka abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye, ka yi haƙuri da ni. Fayil ɗinku a kan teburina ya sauka, don yankinku a hannuna yake. Da ya zo shiru kamar sauran, da a makon nan na nemi mota na taho. Amma sunana yana samansa, an ja masa layi da jan biro, a ƙasa an rubuta cewa mai nema ya ce 'yarsa ce. Shugabanmu ya kira ni, ya turo min takardar ya ce, "Wannan fa?" Na ce gaskiya ne, kawuna ne. Ya ce, "To kin san doka." Na kuwa sani. Ma'aikaci ba ya taɓa fayil ɗin danginsa, ko na nesa ne. Za ka ce ko ba a rubuta ba ai dangin ne. Haka ne, amma ina jin da na kama bakina har sai na je na dawo. A gabana aka ɗauke shi aka kai wa abokin aikina, wanda muke kira Dogo.

Dogo mutumin kirki ne, sai dai duk tsayinsa in ya zauna ba a ganin kansa don tulin fayil. Masu gadoji, masu madatsai, masu haƙar yashi, duk suna gabanku a layi. Mota ɗaya ce a ofishin, ita ma ta fi sanin gareji da hanya. Ba zan iya ce masa ya ɗaga naku sama ba. In na yi, za a ce na sa baki, a mayar da shi can ƙasa.

Na san kana ganin takardar nan wulaƙanci ce kawai. Ga dalilinta yadda zan iya faɗa: in aka tare ruwa a wuri ba ya raguwa, wani wurin yake komawa. Shi ya sa sai an zo an auna gaɓa biyun, an ga inda zai nufa, kafin a ce ga irin ginin da za a yi.

Abin da ya fi damuna shi ne, yadda na ga layin nan, ba na jin wani daga ofishinmu zai taka wurin kafin ruwa ya sauko. Ina rubuta wannan raina a jagule. Ni nake sa wa gadojin mutane hannu, ga kabarin uwata ba ni da ta cewa.

'Yarka,
Tilo

*

Daga gida

Tilo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ƙaramar ta miƙe sarai. Mu nan ba laifi.

Da na fara karanta takardarki raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na ce wato yanzu mutum ya ce yana da 'ya, ya yi laifi. Yadda aka tashe mu, in za ka shiga wuri kana da naka a ciki, tun daga ƙofa kake faɗa. Na yi kwanaki ina kallon buhunan siminti suna kallona.

Daga baya na kai wa Tela. Kin san shi, ya daɗe yana ɗinka wa ma'aikata kaya a birni kafin ya dawo gida, ya san yadda suke magana. Ya sa tabarau ya bi ta a hankali. Da ya zo kusa da ƙarshe sai ya ɗora yatsa a kan wani layi ya yi dariya. Ya ce, "Magini, kai dai dutse ka sani. Yarinyar nan ai ta gama yi maka magana. Ta ce ba mai zuwa kafin damina. Me kake so ta ƙara? So kake ta rubuto maka ka gina, a kama takardar a kore ta daga aiki?"

Kunya ta kama ni da na zarge ki. Na gane, 'yata, ba sai kin ƙara ko kalma ɗaya ba. Wannan takardar ma ki yaga ta in kin karanta. Allah ya yi miki albarka. Jibi za mu fara tona harsashi.

Kawunki

*

Daga birni

Kawu,

Ina fata kuna lafiya. Ka yafe min gajeriyar gaisuwa, Direba yana ƙofar ofis mota a kunne.

Ba haka nake nufi ba. Wallahi ba haka nake nufi ba. Kukana na kawo maka, ban ba ka izini a ɓoye ba, ba ni ma da shi balle in bayar. Ka ce wa Tela ya tsaya a kan keken ɗinkinsa.

Kada ku zuba komai a kogin. Na san wurin kamar tafin hannuna. Maƙabarta tana daidai lanƙwasa, inda ruwa yake dukan gaɓa da dukan ƙarfinsa. In kuka sa masa abu mai tauri a nan, tsallake zai koma, kuma ka san wadda take zaune a tsallaken. In ba za ku iya naɗe hannu ba, ku jera buhunan yashi a saman gaɓar, ku dasa ciyawa da rassan da suke kamawa da wuri. Wannan ba ya buƙatar takarda. Ba zai hana zaizayar gaba ɗaya ba, amma zai rage ta.

Don girman Allah ka dakata har in sake rubutowa.

Tilo

*

Daga gida, ƙarshen rani

Tilo,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya da zafin nan. Mu ma muna ta fama da shi. Gwiwa ta yi sauƙi, ashe zama ne ba ta so.

Takardarki sai jiya ta iso, ta sha baƙin mai. Motar Direba ce ta lalace a hanya aka ja ta gareji da takardar a ciki, shi kuma ya kwanta ciwo ya manta da ita sam. Ya ba ni haƙuri har da cire hula. A kan bangon na zauna na karanta ta, don tun makon jiya aka gama shi.

Da kin gan shi, da ba ki rubuta haka ba. Tun da na fara riƙe cokalin gini ban yi aikin da ya kai shi ba. Mun tona har muka tarar da ƙasa mai tauri, muka jera manyan duwatsu, ban yi wa siminti rowa ba. Ya fi ni tsayi ko na ɗaga hannu. Daga gefen da ruwa yake tahowa kuma na yi masa hanci, wato na fitar da ginin ya shiga cikin kogi a karkace, yadda in ruwa ya taho ba zai ma taɓa gaɓarmu ba, zai goge shi ya wuce can. Wannan dabarata ce, ba wanda ya koya min.

Gari duka ya fito. Mata suna ɗebo ruwa, tsofaffin da ba sa iya ɗaukar dutse suna tsince tsakuwa daga yashi. Ɗan Gwaggo, Mai Kwale-kwale, shi ya yi ta jigilar duwatsu daga sama har hannuwansa suka fashe. Gwaggo kanta kullum tana kan kujerarta a ƙofar ɗaki tana kallonmu daga tsallake, tana aiko mana da abinci, tana kuma aiko da saƙon cewa ginina ya karkace. Ranar da muka gama ta sa aka haye da ita. Ta shafa bangon ta ce, "Ka ajiye min wuri a bayansa, nan ruwa ba zai dame ni ba." Muka yi ta dariya.

Maganar tsallake da kika yi na ji. Amma kogin nan yana da faɗi, Tilo, ba kwata ba ce. Ɗakin Gwaggo tun kafin a haifi uwarki yake wurin, ga lambu da danga tsakaninsa da ruwa. Ku a takarda kuke ganin kogi, shi ya sa yake muku ƙanƙanta.

Na gyara kabarin Yaya, na ƙara masa ƙasa na share gefensa. Yanzu sai ki kwantar da hankalinki.

Kawunki,
Magini

*

Daga birni

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da mutanen gida duka. Allah ya saka maka da alheri a kan gyaran kabarin Inna. Na yi kuka da na karanta wurin, don abin da ya kamata in yi ne ka yi.

Ba na shakkar hannunka, shi ne ma yake ba ni tsoro. Da bangon banza ka yi, da ruwan farko zai kwashe shi kowa ya huta. Hancin nan da kake alfahari da shi, na zana shi a takarda yadda ka kwatanta, na ja layin da ruwa zai bi. A lambun Gwaggo layin ya ƙare. Ruwan da yake raba ƙarfinsa a faɗin kogi, ka tattara shi wuri ɗaya ka nuna masa ƙofarta. Kuma ba ta sama zai ci ba balle ku gani. Ta ƙasa zai riƙa rarake gaɓar, saman yana nan kamar lafiya lau.

Ka ɗauke Gwaggo daga ɗakin nan kafin ruwa ya sauko. Ka kai ta gidanka, ko ka sa ta a motar Direba ka turo min ita, na riga na share mata ɗaki. In ta ƙi, ku ɗauke ta da kujerar. Ka tuna kuma bayan ɗakinta akwai na Mai Kwale-kwale da yaransa.

Akwai abin da na yi wanda dole ka ji daga bakina. Na je na sami Dogo na gaya masa an yi gini a kogi ba izini. Ita kaɗai ce hanyar da fayil yake tsallake layi a ofishin nan. Wanda ya nemi izini jira yake, wanda ya karya doka shi ake zuwa gani da gaggawa. Dogo ya ajiye bironsa ya ce, "Kin san kawun naki kike kai ƙara?" Na ce na sani. Za a iya cin ka tara, za a iya cewa ka rushe. Gara ka yi fushi da ni da in zuba ido.

'Yarka,
Tilo

*

Daga gida, farkon damina

Tilo,

Muna lafiya. Ina fata kuna lafiya.

Na gode da ƙarar da kika kai ni. Na tsufa ban taɓa tsayawa gaban hukuma ba, ashe 'yar Yaya ce za ta fara kai ni, a kan na tare wa uwarta ruwa. Magana ta zaga gari, in na zo wucewa sai a yi shiru. Dogon naki kuma bai zo ba. An ce sun taso, suka tarar ruwa ya yanke hanya a fadama, suka juya.

Duk da haka ban ƙi maganarki ba. Na haye na sami Gwaggo, na durƙusa na yi ta ɗaga murya a kunnenta har maƙwabta suka leƙo. Ta ce, "Ina za ni?" Na ce gidana, ko birni wajen Tilo. Ta ce, "In je birni in yi me, in yi gadin motoci? A ɗakin nan na haihu, a ɗakin nan na yi takaba. Ruwan nan ya san ni na san shi." Na ce to ko na damina kawai. Ta ce awakinta ba sa cin abinci a baƙon wuri. Ɗanta ya sa baki, ta ce ya fita mata daga ɗaki. Maganar a ɗauke ta da kujera kuwa, ba kya nan ne shi ya sa ta yi miki sauƙin faɗa. Wa zai ɗaga Gwaggo tana tsine masa?

Ruwa ya sauko sosai, bango ko gezau. Kullum da safe ina zuwa in duba shi. Ga abin da zan gaya miki don kada ki ce na ɓoye: ƙarar ruwan ta koma tsallake. Da a gefenmu ake jin ta. Dangar lambun Gwaggo ta kwanta, kuma akwai 'yar tsaga a ƙasa kusa da turken awaki, yatsa yana shiga. Na cika ta da laka, mun jera buhunan yashi. Ta yarda in ruwa ya kai turken za ta taso, kuma da sauran tazara.

Ban sani ba ko Direba zai ƙara samun hanya.

Magini

*

Daga birni, tsakiyar damina

Kawu,

Ina fata kuna lafiya, don shirun ya yi yawa. Na rubuto na sake rubutowa ban ji amsa ba. Direba ya ce a bakin fadama yake barin takardu wajen masu haye da mutane, bai san ranar da suke isa ba. Duk sanda hadari ya haɗu sai in tsinci kaina a bakin taga, aiki ya tsaya.

Abin da na faɗa a waɗancan zan maimaita: kada ka jira ruwa ya kai turke. In tsaga ta fito a sama, ƙasan ya riga ya tafi. Laka ba za ta yi komai ba.

Takardar izini ta fito, ga kwafinta na haɗo. Dogo ya kai wa shugaba fayil ɗin da zanen da na yi, tun da hanya ta hana shi zuwa. An yarda a kare maƙabarta, amma ba da bango ba. Da kwandunan waya za a yi, a cika su da duwatsu a kwantar a jikin gaɓa, ruwa yana shiga yana fita ba tare da an tunkuɗa shi ba. Sharaɗi na farko kuma, sai an ƙarfafa gaɓar tsallake kafin a taɓa taku. Aikin sai rani. Bangon da yake nan an ce a cire shi. Maganar tara an jingine ta.

Na riƙe takardar a hannuna ban ji daɗin komai ba. Abin da ke cikinta duka, da an je tun bayan girbi, da yini ɗaya ya isa a gaya maka shi.

In har yanzu kana fushi, ka ci gaba da yi, amma ka rubuto min ko layi ɗaya. Ka ce wa Gwaggo na sayo mata katifa, kuma akwai fili a bayan gida da awaki za su sake.

'Yarka,
Tilo

*

Daga gida

Tilo,

Assalamu alaikum. Ki kira maigidanki ya zauna kusa da ke kafin ki ci gaba da karantawa.

Gwaggo ta rasu. Kogi ya tafi da ita da ɗakinta.

Ba a yi ruwa a garinmu ranar ba, sama tas, rana tana dukan kai. Can sama aka yi shi, ya taho mana ja wur da itatuwa a ciki. Ina tsaye a kan bangon ina duba shi, ina hangen ta a kan kujera a ƙofar ɗaki. Ruwan bai kai turken ba, Tilo, na rantse miki bai kai ba. Na dai ga awakin suna fizgar igiya. Ta tashi ta shiga ɗaki, ina jin rana ce ta kore ta. Sai ƙasa ta buɗe ta bayan ɗakin, ba ta gaba ba, wurin duka ya sauka a hankali kamar tsoho zai zauna. Na yi ihu har muryata ta dushe. Ko da kunnenta lafiya ne ba za ta ji ni ba. Ɗanta yana can fadama yana haye da mutane.

Mun bi kogi da kwale-kwale har garuruwan da ba mu san kowa ba. Mun sami kwanon rufi, mun sami kujerar, mun sami akuya ɗaya da ranta a kan tudun yashi. Ita ba mu same ta ba. Tun ranar farko aka tona mata kabari a bayan bangon, kusa da na Yaya, inda ta ce in ajiye mata. Yana nan a buɗe, na rufa masa kwano saboda ruwan sama.

Takardunki a tare suka iso, har da ta izinin. Na karanta sharaɗi na farko. Ban kai wa Tela ba.

Mai Kwale-kwale bai ce min komai ba. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Gaishe ni yake yi, yana miƙo min hannun da ya ɗauko duwatsun da shi. Yanzu ɗakunansa ne a bakin ruwa. Yaransa suna gidana, amma akwai gidaje a bayan nasa, ba mu da inda za mu kai su duka, kuma damina da saura.

Bangon ko tsaga babu. Na san yadda na ɗaure shi. Hancin da jikin abu ɗaya ne, in na fasa hancin ruwa zai shiga ta baya ya kwashe sauran, ya ci gaba daga inda ya tsaya bara. Kabarin Yaya ne na farko a gabansa. Hukuma ta ce a cire, dattawa sun ce kada a taɓa, ni kuma na daina yarda da dabarata. Ke kaɗai Yaya ta bari a duniya. Ki gaya min abin da zan yi, a fili, yadda ko mai taurin kai irina ba zai iya juya shi ba.

Kawunki

*

Daga birni

Kawu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya ba mu haƙuri. Ka yi wa Mai Kwale-kwale ta'aziyya kafin in iso. Katifar tana nan jingine a ledarta, na kasa shiga ɗakin.

Ka rushe shi. Da zarar ruwa ya ja yadda mutum zai iya tsayawa, ka fara da hancin. Kada ka jira ni, kada ka jira Dogo, kada ka jira rani. In dattawa sun yi magana, ka nuna musu wannan takardar ka ce 'yar mai kabarin ce ta ce.

Kada ka ɗauki nauyin nan kai kaɗai. Layin da Tela ya ɗora wa yatsa, ni na rubuta shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ka ɗaga guduma, ka je wajen Inna ka yi mata addu'a. Ka tsaya ka kalli wurin da kyau, ka daidaita shi da wani abu a tudu da ruwa ba zai kai gare shi ba. In hanya ta buɗe na zo, zan tambaye ka inda take. Ko da ruwa ne a wurin, ka nuna min.

'Yarka,
Tilo